Ƙashi Na Rama, Nama Na Zama Dutse: Nazarin Ciwon Wani Kunkuru a Jidda

A cikin kwandon wanki suka shigo da shi, an shimfiɗa masa tsohon tawul. Wani saurayi ne ya rungumo kwandon, kakarsa na biye da sandarta tana yi masa faɗa: "Riƙe shi da kyau mana, sai ka ce buhun gawayi ka ɗauko." Da jin haka na ajiye Larabcin da na tanada, na ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. An yi Sallah lafiya?" Kwana 4 ke nan da Babbar Sallah, Jidda ta ɗau irin zafin nan da ko kyanwa ba ta yarda ta taka kwalta da rana.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne likitan? An ce kai ka tashe shi wancan karon. Shi ya sa na hana a kai shi ko'ina sai wurinka."

Ni ɗin ne kuwa, sai dai a lokacin ban san nauyin maganar ba.

Kunkurun irin namu ne na Sahel, mai tsinaye kamar ƙaho a bayan cinya, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Ƙasarsa ta taso tun daga Senegal, ta ratsa Nijar da arewacin Najeriya da Cadi, har Sudan da Eritiriya. In ka cire na tsibiran Galafagos da Aldabra, babu kunkurun tudu da ya kai shi girma a duniya. Babban namiji na haura kilo 50, kuma in ya samu lafiya shi ke ganin bayan wanda ya saye shi. Mu a Sudan abul gadah ake ce masa, a nan Hijaz kuma sulhafa. Na tashi a Mai Wurno ina ganinsa a tsakar gidaje: ya haƙa raminsa a gindin randa inda ƙasa ke da laima, ya fito da hantsi ya sha rana, ya ci ciyawa da ganyen rama da ɓawon kankana, ya koma. Ban taɓa jin wanda ya saya masa magani ba.

Koken Hajiya gajere ne. Sati 3 bai ci abin kirki ba, yana jan ƙafafun baya, ga kumburi ya fito masa. Na ɗora shi a sikeli, kilo 8 da ɗan ɗoriya. Tsawon ƙoƙon bayansa santimita 34, shekarunsa kamar 6. Wutsiya doguwa, ƙoƙon ƙirji ya fara lotsawa ciki, wato namiji ne. Kowane gida na ƙoƙon bayan ya yi tsini kamar dalar gyaɗa, shaidar girman gaggawa a busasshen wuri. Lafiyayyen kunkuru irin wannan in ka ɗaga shi huci yake yi, ya ja kai da ƙafafu ciki da ƙarfin da zai matse maka yatsa ka yi salati. Wannan kuwa ya saki wuya, idanu sun faɗa, yawun bakinsa na yauƙi. Fatar wuya da ta hammata tana saɓulewa, ƙarƙashinta ja jawur, a jiƙe. Kumburi uku na ƙirga: ɗaya a gwiwar ƙafar baya ta hagu, ɗaya a gwiwar hannun dama, kowanne kamar ƙwayar goro, sai babba a cinyar dama mai girman lemon tsami. In ka danna sai ka ji kamar jiƙaƙƙen yashi aka ɗinke a cikin fata.

Abu uku ne ke kawo irin wannan kumburi, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Akwai ƙurji. Mugunyar kunkuru ba ta gudu kamar ta tunkiya, daskarewa take yi kamar cuku, don haka ƙurjinsa tauri gare shi. Akwai niƙris, wanda Larabawa ke yi wa kirari da ciwon sarakuna. Kunkurun tudu yana fitar da akasarin dattin furotin ne a matsayin yurik asid, farin abin nan kamar kunun alli da ke biyo fitsarinsa. In ƙoda ta gaza ko jiki ya bushe, sai ya taru a gaɓoɓi. Na ukun shi ne wanda ba a cika kawowa a rai ba: kalsiyam da kansa ya bar ƙashi, inda aka san shi, ya je ya daskare a cikin nama.

Hankalina a kan niƙris yake. Irin wannan kunkuru, ga bushewar jiki, ga ƙoƙo mai tsini, sau da yawa can maganar ke ƙarewa, har na fara lissafin alofurinol, maganin niƙris, a kaina. Allura ce ta tsayar da ni. Na soka mai kauri a kumburin gwiwa na ja, da ƙyar wani farin abu ya hau sirinji, kamar man goge baki. Na murza kaɗan tsakanin yatsu cikin safar hannu, na ji garas-garas, kamar an dama alli da rairayi. A ƙarƙashin madubin awo yurik asid siffar allurai yake yi, sirara masu tsini, suna walƙiya in an haska su ta gilashin tace haske. Nan babu allura ko ɗaya, sai dunƙule-dunƙule marasa siffa da ba sa ƙyalli, babu kuma tarin ƙwayoyin jini da ƙwayoyin cuta irin na ƙurji. Sauran na raba shi biyu, rabi a fomalin, rabi a barasar awo, don ruwan fomalin yana narkar da yurik asid. Wanda bai san haka ba sai ya aika samfuri a dawo masa da takarda cewa ba a ga komai ba. Bayan kwana 5 ɗakin awo ya aiko: rinin alizarin ya mai da shi ja, wato kalsiyam ne. Irin wannan tari galibi kalsiyam ne haɗe da fosfet, ma'adinin da ake gina ƙashi da haƙori da shi, mai suna haidroksi'afatait. In ya taru a gaɓa ana ce masa niƙris na ƙarya, kuma alofurinol ba shi da abin da zai yi masa.

Hoton ƙashi, ashi'a in ji mutanen nan, a ranar muka ɗauka. Dabarar ita ce a kifa bokiti a ɗora kunkurun a kai, ƙafafu su yi reto, sai ya miƙo su da kansa. Muka ɗauka ta sama, ta gefe da ta gaba. Tarin yurik asid zalla ba ya cika fitowa a hoto, hasken ratsa shi yake yi. Waɗannan kuwa sun fito fari fat kamar curin auduga. Amma ba su suka sa na ja kujera na zauna ba. A wuya da cikin dantse, inda ƙoƙo bai rufe ba, ga wasu siraran layuka farare biyu-biyu suna tafiya tare kamar layin dogo. Jijiyar jini ba ta fitowa a hoton ƙashi. In ka gan ta, bangonta ya riga ya sandare. Su kuma ƙasusuwan ƙafafun, bangonsu ya sirance, sun yi dishi-dishi, kumburin da ke gefensu ma ya fi su haske.

Jini daga jijiyar wuya na ɗiba. A kunkuru can ya fi, don a wasu wuraren ruwan jiki na gauraya da jinin ya tsinka shi, awo ya yi maka ƙarya. Kalsiyam ya fito 16, fosforas 9, duka a ma'aunin miligiram cikin desilita. Da mace ce da sai in yi taka-tsantsan da 16 ɗin nan, don macen da ke haɗa ƙwai kalsiyam ɗinta na ninkawa ba tare da wani ciwo ba. Namiji ba shi da wannan uzuri. Fosforas ɗin ne ma ya fi tayar da hankali, don a lafiyayyen kunkuru can ƙasa yake zama, kuma ƙoda ce ke zubar da rararsa. Akwai wani lissafi da likitocin dabbobi masu rarrafe ke yi, wanda aka fi gwadawa a kan ƙadangaren iguwana: a ninka kalsiyam da fosforas. In abin ya haura 55, naman da ke da rauni zai fara kama ma'adini. In ya haura 70, har lafiyayyen nama bai tsira ba. Namu 144 ya ba da. Yurik asid ɗinsa ya ɗan ɗaga kawai, bai kai na mai niƙris ba, sai dai wannan ba ya wanke ƙoda, domin ba ya tashi sosai sai ɓarna ta yi nisa.

Saura a san daga ina. Da na tambayi Hajiya abin da yake ci, ta ce latas, tumatir, kokwamba, "sai maganin da ka rubuta." Amsar da kowa ke bayarwa ke nan, kuma ba ƙarya ba ce, rabin gaskiya ce. Sai na ce wa jikan nata, "Gobe ka kwaso mini duk abin da ya taɓa shiga bakinsa ko jikinsa, har gwangwanin da ya ƙare. Ka kuma tambayi kowa a gidan, har yara."

Washegari ya zazzage leda a kan teburina. Robar garin kalsiyam mai bitamin D3 guda uku, biyu wayam. Ƙaramar kwalbar ɗigon bitamin D ta jarirai, irin wadda ake ba masu jego a nan. Rabin jakar busasshen abincin kyanwa. Sai wata kwalba ruwan ƙasa mai hoton saniya da rago, an rubuta AD3E, wato allurar bitamin A da D3 da E ta dabbobi.

Daga nan labarin ya warware. Marigayi mijin Hajiya ne ya sayo kunkurun a kasuwar tsuntsaye yana kamar tafin hannu. A Sabil suke zaune lokacin, gida mai tsakar gida, hosh kamar yadda ake faɗa, da ƙasa da famfo mai ɗiga, kuma a gindin famfon ya yi raminsa. Da rusau ya ci unguwar a 2022, tare da su Karantina da Gulail da sauran unguwannin da mutanenmu suka daɗe a ciki, sai iyalin suka koma shigga, wato sashen gidan bene, a hawa na uku. Tayil a ƙasa, mukayyaf, na'urar sanyaya ɗaki, na busa dare da rana, saman bene a kulle mabuɗi na hannun mai gadi. Ba a yi shekara ba ƙoƙon kunkuru ya yi laushi, ƙafafu suka kasa ɗaukarsa. Babban ɗanta ya kawo shi wurinmu, ni na duba shi. Na ɗauko fayil ɗin, ga rubutuna: garin kalsiyam mai D3, ɗan tsunkule a kan abinci kullum, a sa shi a rana, a dawo bayan wata 2.

Maganin ya yi aiki, ƙoƙo ya yi ƙwari, kunkuru ya miƙe. Ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba, wa ke komawa asibiti da mai lafiya? Ni kuma ban rubuta ranar dainawa ba, ban ce yawansa na kisa ba, ban kuma sa an kira su ba. Wata 18 takardar nan tana aiki a gidan ba ni a wurin. Tsunkule ya zama rabin cokalin shayi, don Hajiya ta ga amfaninsa. Ita ke barbaɗawa da safe. Jikarta mace, da ta dawo daga makaranta, ita ma sai ta barbaɗa, ba ta san an riga an ba shi ba, wani lokaci ta ɗiga masa ragowar na jaririn gidan a kan tumatir. Ƙananan yara sun gano yana son abincin kyanwa, yana bin su a guje in ya ji ƙarar jakar, sai abin ya zama wasa. Abincin kyanwa kuwa na mai cin nama ne, cike da furotin da fosforas, ga bitamin D da aka ƙara masa tun daga masana'anta. Ruwa fa? An ɗauke kwanon tun tuni, don yana shiga ciki ya yi kashi ya ɓata tayil inda ake sallah. "Ai ɗan hamada ne, Likita, ina ruwansa da ruwa?" Rana kuma, an bi umarnina daidai gwargwado: kullum ana ajiye shi a gaban taga, gilashi a rufe saboda sanyin ɗaki.

Allurar ita ce ta ƙarshe. Da jikin kunkurun ya fara sanyi gab da Sallah, surukin Hajiya, mai sana'ar raguna, ya zo da kwalbarsa ya yi masa a cinya, sau biyu, sati guda tsakani. Abin da yake yi wa ragon da ya sha tafiya ke nan, kuma rago na miƙewa. An haɗa ruwan kwalbar ne don dabba mai kilo 50 zuwa 500. Saɓulewar fatar nan aikin bitamin A ne da ya yi yawa, sanannen abu ne a kunkuru. Babban kumburin cinya kuma daidai inda allurar ta shiga yake.

Abin da ya sa wannan gida ya faɗa ramin da gidajen Mai Wurno ba sa faɗawa yana cikin yadda jiki ke samun bitamin D3. Fatar kunkuru na haɗa shi da kanta in wani sashe na hasken rana ya taɓa ta, wanda ake kira UVB, mai tsawon zango tsakanin nanomita 290 da 315. Gilashin taga na tare wannan sashe kusan gaba ɗaya, ya bar zafi da haske su wuce, sai mai gida ya ɗauka an sha rana. Hikimar da ke cikin hanyar fata ita ce tana da birki: in abin ya isa, hasken da kansa ke lalata rarar, shi ya sa rana ba ta sa wa dabba gubar bitamin D. Wanda aka ci ta baki ko aka yi allurarsa ba shi da birki. A mai yake narkewa, ba ya bin fitsari ya fita, sai jiki ya adana shi a kitse, hanta ta juya shi, ƙoda ta ƙarasa shi ya zama sinadarin da ke umartar hanji ya tsotsi kalsiyam da fosforas. In ya yi yawa hanji ba ya daina tsotsa, har ƙashi ma ana yasar sa ana zuba wa jini.

Sai ƙoda. Ta kunkuru ba ta iya tace fitsari ya yi kauri kamar tamu, da ruwa mai yawa take aiki, kuma a mafitsara yake ajiye guzurin ruwansa. A daji ba a tsakiyar rana yake zama ba, rami yake shiga mai tsawon mitoci inda iska ke da laima, in an yi ruwan sama kuma ya sha ya ƙoshi. Mukayyaf kuwa busar da iska yake yi. Busasshiyar ƙoda da aka ɗora wa furotin ɗin kyanwa sai ta fara gazawa, fosforas ya taru. Tarin fosforas na tsokano wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi a gindin wuya, faratairod, su kuma su ƙara kwaso kalsiyam daga ƙashi. Jini ya cika da abu biyu da in sun haɗu dutse suke zama, kamar tukunyar shayin da ta daɗe tana dafa ruwan rijiya. Wurin da suka fi kwantawa sananne ne: bangon manyan jijiyoyi, ƙoda, huhu da bangon tumbi, wato wuraren da ke fitar da tsami su bar cikinsu da kanwa-kanwa. Da ma'adinin ya kwanta a ƙoda sai ta ƙara gazawa, fosforas ya ƙara hawa. A ganina garin D3 ne ya buɗe ƙofar, ƙishirwa da abincin kyanwa suka tura, allurar ta tarar da aiki ya kusa ƙarewa.

Kumburin cinya yana da ɗan bambanci da sauran. Naman da ya mutu ko ya ji rauni yana jan kalsiyam ko da jini lafiya lau yake, kamar yadda ake gani a tsohon tabo ko wurin allura. Da shi kaɗai ne, jini kuma daidai, da na yanka na ƙwaƙule shi mun rabu lafiya. A nan rauni ne ya haɗu da jinin da ya riga ya cika, shi ya sa cikin 'yan makonni ya kai lemon tsami.

Na zaunar da Hajiya a ofis, na sa aka kawo mata shayi. Na ce, "Hajiya, abin da ya daskare a jijiya ba ya narkewa. Abin da ke hannunmu shi ne mu hana ƙari, mu sauƙaƙa masa."

"To maganin ne ya zama guba?"

"Yawansa ne. Kuma ni ne ban faɗa muku ranar da za a daina ba."

Ta yi shiru tana juya carbi. Can ta ce, "Garin neman ƙiba mun samo rama ke nan. Allah ya yafe mana baki ɗaya, ɗana." Sai ta ƙara da abin da ya sa na gane dalilin hawa motar haya da sanda a wannan zafi: daga tsohon gida ba ta fito da komai na Malam ba sai akwatin littattafansa da wannan kunkuru. Na kawo maganar allurar hutu, cikin ladabi iyakar iyawata. Ta ɗaga hannu. "Wanda ya ba shi rai shi zai karɓi abinsa. Kai dai yi naka."

Muka yi namu. Aka tsayar da gari da ɗigo da abincin kyanwa a take. Kwana 6 ya yi a wurinmu cikin ɗumi na digiri 30. Kullum ana ba shi ruwan allura kamar mililita 160, wato 20 ga kowane kilo, a raba biyu, ana kuma jiƙa shi a ruwan ɗumi iya haɓa na minti 20 safe da yamma. Na sa masa siririn tiyo ta gefen wuya zuwa tumbi, na liƙe bakinsa a saman ƙoƙo, don a riƙa ɗura masa ruwa da niƙaƙƙen ganye ba tare da kokawar buɗe baki ba. Ta nan muke ba da maganin da ke kama fosforas a hanji ya fita da kashi, da tiramadol saboda zafin gaɓoɓi. Jentamaisin da danginsa na magungunan kashe ƙwayoyin cuta ban kusance su ba, ko don fatar da ta saɓule, domin ƙoda suke ci. Wanki da man shafawa muka yi mata. Tiyatar kumburi na ƙi yi. Banju, wato maganin sa barcin tiyata, a jikin da jijiyoyinsa suka sandare caca ce, kuma muddin jini na nan yadda yake, abin da ka cire zai dawo.

A sati na uku ya miƙa wuya ya yagi ganyen jarjir da kansa. Jikan ya turo mini bidiyon da tsakar dare. Awon ranar ya nuna kalsiyam 13, fosforas 7, lissafi 91. Ya sauko, amma har yanzu yana sama da layin haɗari, don bitamin D da ke kitse a hankali yake fita, sai a yi watanni. Daga sati na biyar ya daina ɗaga kai, numfashi ya koma da buɗe baki. Da ta ni ce, a nan zan tsaya. Na faɗa, aka ce a'a, na ƙara maganin zafi. A sati na bakwai, bayan sallar Asuba, suka same shi ya miƙe wuya a kan tawul ɗinsa.

Na roƙi izinin buɗe shi. Hajiya ta yarda da sharaɗi guda: a mayar mata da shi a binne, kada a jefa a shara. Na yanke gadar ƙoƙo ta gefe biyu da zarto na ɗaga ƙirjin. Kunkuru manyan jijiyoyi biyu gare shi da ke fita daga zuciya su lanƙwasa su haɗe a baya. A lafiyayye laushi gare su kamar roba. Waɗannan da na sa almakashi sai na ji ƙas, kamar an karya busasshiyar taliya, cikinsu da ɓawo-ɓawo fari kamar na ƙwai. Ƙodar biyu, can baya a ƙarƙashin ƙoƙo, sun kumbura sun yi fari-fari, wuƙa na kukan yashi a cikinsu. Bangon tumbi da farare-fararen tabo masu kaushi. Huhu, wanda ya kamata ya zama kamar soso, in ka shafa sai ka ji tsakuwa-tsakuwa, abin da ya bayyana wahalar numfashin kwanakin ƙarshe. Ƙashin cinya kuwa da ɗan matsi ya lanƙwashe a hannuna. Babu dutse a mafitsara, babu farin yurik asid a kan hanta ko jakar zuciya. Na mayar da ƙirjin na ɗaure, na naɗe shi a tawul ɗin, jikan ya tafi da shi wani fili a hanyar Bahra.

Ranar da na je yi wa Hajiya sannu, ina shirin tashi sai ta ce, "Af, Likita, akwai fa na Makka." Ashe 'yarta da ke aure can tana da ƙarami, ɗan shekara 2, kuma tun bara Hajiya ta aika mata da robar gari guda, da saƙon cewa maganin likitanmu Bahaushe ne, kada ta yi wasa da shi. Na ce a kawo shi kafin Juma'a.

Giram 900 ne, ido garau, yana ta harbin iska. Hoto bai nuna komai a nama ko jijiya ba. Lissafin jininsa 62, ko da yake mai tasowa dama fosforas ɗinsa kan ɗan fi na babba. Sa'arsa gidan na da tsakar gida da ƙasa. Wannan karon na cika takarda da Larabci, na kuma karanta wa uwar gidan da Hausa, ta maimaita mini: a daina garin daga yau, rana ta kai tsaye da sassafe, da inuwar da zai shiga da kansa, don tayil ɗin Makka da azahar gasa shi zai yi, a jiƙa shi sau uku a sati, kwanon ruwa kuma ya zauna ko zai ɓata wuri, abinci ciyawa da ganyen lalo da jarjir, ciyawar barsim kaɗan, tumatir sai jefi-jefi, a ajiye masa farin ƙashin nan na kifin habbar da ake rataya wa tsuntsaye a keji, ya gwaguya in ya so, mutum ɗaya ne zai riƙa ba shi abinci. A ƙasa na rubuta a dawo bayan sati 6 ko da yana tsalle, na sa lambarta a wayata.

Sai da na kira sau biyu suka zo, a sati na takwas. Lissafin ya sauko 46, ya ƙara giram 60. Ina ɗaga shi daga sikeli ya sakar mini fitsari a gaban riga, ruwa mai yawa, farin cikinsa da laushi kamar kindirmo.